Kafin matashin Diffa ya koyi zane a kwamfuta, ya fara riƙe ma'auni

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da gonakin tattasai na bakin kogin Komadugu a lokacin sanyi ya san ƙarar da ke tashe shi tun kafin kiran sallar asuba. Ƙananan injunan ban-ruwa ne masu shan fetur, suna jan ruwa daga kogi ko daga rijiyoyin da aka haƙa a fadama suna turawa cikin fangali. Ranar da ƙarar ta ɗauke a wata gona, mai gonar ba ya samun barci, domin tattasan da ya fara fure ba ya jure ƙishirwa. Kwanaki kaɗan babu ruwa, furen ya kaɗe, kuɗin taki da na fetur da aka ciwo bashi su bi shi.

Abin takaicin shi ne sau da yawa ba injin gaba ɗaya ne ya mutu ba. Wani ɗan ƙarfe ne da bai kai tafin hannu ba ya karye ko ya cinye: mazaunin boris, ko faifan da bel ke hawa, ko bakin da ake ɗaura tiyo. Manomi ya kwance shi, ya ƙulle a leda, ya shigo garin Diffa wajen masu walda da masu injin sassaƙa ƙarfe, wanda a Nijar aka fi sani da sunansa na Faransanci, tur. Idan aikin ya fi ƙarfinsu, sai a damƙa wa direba ƙarfen ya kai shi Damagaram, tafiyar sama da kilomita 450, ko kuma a tsallaka da shi Najeriya. Babu takarda, babu lamba. Karyayyen ƙarfen shi ne wasiƙar. Idan ya ɓace a hanya, magana ta ƙare. Idan kuwa ya isa, mai tur zai kwaikwayi abin da ya gani ne, har da cinyewar da ta haddasa matsalar tun farko.

A nan ne zancen zane da kwamfuta ya shafi Diffa. Masu Ingilishi na kiransa CAD, masu Faransanci kuma CAO ko DAO, amma ma'anar ɗaya ce: mutum ya zana abin da yake son a ƙera a cikin kwamfuta, da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa daidai, ta yadda wanda bai taɓa ganin abin ba zai iya sassaƙo shi. Matasa da dama sun riga sun ci karo da wannan fasaha a YouTube da TikTok, inda ake ganin wani Bature cikin garejin gidansa yana zana ƙaramin inji a allo, ya juya ya sassaƙa shi don nishaɗin ƙarshen mako kawai. Sha'awa ta kama yaro, tambayarsa ta farko kuma ita ce wace manhaja zai sauke. Tambayar ba laifi ba ce, amma ba ita ya kamata ta zo farko ba. Wanda bai iya auna ƙarfe ba, kwamfuta za ta taimaka masa ne kawai ya zana kuskurensa da kyau.

Kafin a shiga yadda ake koyo, ya kamata a tuna dalilin da ya sa jihar Diffa ta fi sauran jihohin ƙasar bukatar wannan ilimi. Birnin Yamai yana nesa da ita da sama da kilomita 1,300. Kasuwar da ta fi kusa da ita ita ce Najeriya, shi ya sa naira ke yawo a hannun ƴan kasuwar garin kamar sefa. Tun bayan harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka taƙaita sayar da fetur da taki, aka kuma dakatar da cinikin tattasai da kifi na wani lokaci. Ɗimbin matasan da ke cin abinci da kabu-kabu suka wayi gari babu sana'a. A 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, a 2023 kuma takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli ya sake toshe hanya. Ga ambaliyar Komadugu, wadda a 2019 da 2022 da 2024 ta shanye gonaki da gidaje. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya nuna abu guda: yankin da ba ya iya ƙera ɗan ƙaramin kayan gyara da kansa, ko aƙalla ya bayyana shi a takarda, rufe hanya ɗaya ya isa ya tsayar masa da noma.

Zane yana tafiya inda mutum da ƙarfe ba sa iya zuwa. Takarda guda da aka mayar PDF tana isa Damagaram ko Maraɗi ko Kano ta WhatsApp cikin minti ɗaya, babu shingen bincike, babu kuɗin mota. Mai tur ya duba, ya faɗi farashi, ya sassaƙa, a aiko da sabon kawai. Tafiya biyu ta koma ɗaya, kuma gobe idan na maƙwabci ya karye, zanen yana nan a ajiye. Haka kuma zanen ba ya jin Faransanci ko Ingilishi ko Barbarci. Lamba 47 ita ce 47 a kowane gefen kogi.

To, ta ina mai koyo zai fara? Ta sayen ma'aunin ƙarfe mai baki biyu da ke zamewa, wanda masu Faransanci ke ce wa pied à coulisse. Kuɗinsa bai kai na ƙaramar wayar hannu ba, kuma shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Da shi ake auna kaurin sanda, da faɗin huji, da zurfin rami. Mai kyau yana nuna har kashi 2 ko 5 cikin 100 na milimita. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma gaskiya ne a kasuwar hatsi. A wajen ƙarfe kuwa ƙimar ido ba ta wadatarwa, ga kuma misali.

Injin fetur da ya fi yawa a gonaki da wuraren niƙa shi ne samfurin Honda GX160 da ire-irensa da ake ƙerawa a Sin. Sandar da ke fitowa daga cikinsa ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai kaurin milimita 20, akwai kuma mai kashi uku cikin huɗu na inci, wato milimita 19.05. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, ido ba ya gani. Amma idan aka ɗora faifan da aka huda don mai 20 a kan mai 19.05, zai zauna yana rawa, ya ci bel, ya ci sandar, ƙarshe a ɗora wa injin laifi a ce jabu ne. Bakanike mai wayo zai cusa gwangwani ya cike gibin, aiki ya tashi na mako biyu. Yaron da ya auna, ya rubuta 19.05 a takarda kafin a huda, ya kawar da matsalar tun ba ta faru ba.

Haka zancen boris. Lambar da ke jikinsa ba ado ba ce, ma'auni ne da duk masana'antun duniya suka yarda da shi. Boris mai lamba 6203 hujinsa milimita 17 ne, faɗinsa na waje 40, kaurinsa 12. Mai lamba 6204 kuwa 20 ne da 47 da 14, mai 6205 kuma 25 da 52 da 15. Wanda ya san wannan ba ya bukatar ya auna tsohon boris da ya riga ya tarwatse, lambar kawai zai karanta. Sai dai sanin 47 ɗin ma bai isa ba, domin babu mai tur a duniya da ke iya sassaƙa 47 cif-cif. Dole zane ya faɗi iyakar kuskuren da aka yarda da shi. A tsarin da injiniyoyi ke amfani da shi, idan aka rubuta 47 H7 ana nufin ramin ya kasance tsakanin 47 da 47.025, gibin da bai kai kaurin gashin kai ba. Ya zarce haka, boris ya yi ta juyi a mazauninsa yana cin ƙarfen. Ya gaza da yawa, a buga shi da guduma a kashe shi tun ranar farko. Wannan ɗan gibi shi ne bambancin gyaran da ke kai shekara da wanda ke dawowa ranar kasuwa mai zuwa. Ma'auni mai baki ma ba ya iya tabbatar da shi sosai, sai an haɗa da ƙaninsa mai murɗawa da ake kira mikiromita, amma wannan na iya jira har hannu ya faɗa.

Akwai wani tarkon da ya keɓanta da yankin bakin iyaka irin Diffa, inda kaya ke shigowa daga ko'ina. Zaren da ke bakin bututu iri biyu ne manya: na Ingila da na Amurka. A bututu mai inci 2, na Ingila yana da zare 11 a kowane inci, na Amurka 11 da rabi. Suna kama juna zagaye biyu ko uku, sai su cije. Mutum ya sa ƙarfi, ya naɗa roba, ruwa ya ci gaba da ɗiga, famfo ya riƙa shaƙar iska maimakon ruwa. A ɓangaren noti kuma, mai koyo zai haddace cewa M8 na yau da kullum tazarar zarensa milimita 1.25 ce kuma ana huda masa 6.8 kafin a yanka zaren, M10 kuwa 1.5 da 8.5. Babu kwamfutar da za ta gaya wa mutum wane zare ne a hannunsa. Sai ya auna.

Bayan ma'auni sai fensir da takarda. Mai koyo ya ɗauki ƙarfe ɗaya mai sauƙi, bushin ko washa mai kauri, ya zana shi ta gaba, ta gefe da ta sama, ya sa lambobi. Sannan ya miƙa wa abokinsa da bai ga ƙarfen ba, ya ce ya bayyana abin da ya fahimta. Duk tambayar da abokin ya yi, lamba ce da aka manta. A nan ma akwai abin lura ga mai aika zane ƙetare: Faransa da ƙasashen da suka gaji tsarinta suna jera fuskokin zane ta wata hanya, Amurka kuma ta kishiyarta, ta yadda fuskar da wani zai ɗauka ta hagu ce wani zai karanta ta a matsayin ta dama. Akwai ƴar alama da ake sawa a ƙasan takarda don nuna tsarin da aka bi, kuma barinta na iya sa a huda rami a gefen da ba shi ba. Ko rubutun lamba ya bambanta: ɗan makarantar Nijar zai rubuta 19,05 da waƙafi, na Najeriya 19.05 da ɗigo. Ƙananan abubuwa ne, amma tun ran gini tun ran zane.

Sai a mataki na uku kwamfuta ke shigowa, kuma a nan shawarar da ta dace da Diffa ta sha bamban da wadda ake ji a bidiyon Turawa. Yawancinsu Fusion na kamfanin Autodesk suke yabawa, ko Onshape. Duka biyun suna da kyau, kuma suna da tsarin kyauta. Amma Onshape a kan intanet take aiki ɗungurungum, kuma a tsarinta na kyauta duk zanen da mutum ya yi a buɗe yake ga kowa. Fusion kuwa tana son kwamfuta mai ƙarfi, tana neman intanet lokaci zuwa lokaci, kuma lasisinta na kyauta an yi shi ne don amfanin kai. Ga matashin da ke sayen data da ƙyar, a garin da wuta da layin sadarwa ke zuwa suna ɗaukewa, wannan gini ne a kan filin aro. AutoCAD da SolidWorks na manyan ofisoshi ne, kuɗin lasisinsu ya fi ƙarfin mai koyo. Na sata da ake zuba wa mutane a shagunan gyaran kwamfuta kuwa, ban da haramcinsa, sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa.

Abin da ya fi dacewa shi ne FreeCAD. Kyauta ce ta gaske, ba ta neman rajista, ba ta neman intanet bayan an sauke ta, tana aiki a Windows da Linux, tana kuma da Faransanci. Mutum ɗaya ya sauke, goma su kwafa a filash ba tare da an karya wata doka ba. Masu aikin sa-kai ne ke gina ta sama da shekara ashirin, kuma a watan Nuwamban 2024 suka fitar da siga ta 1.0, wadda ta gyara da yawa daga cikin matsalolin da aka daɗe ana kuka da su. Ba a ce tana da daɗin hannu kamar na kuɗi ba. Takan yi gardama, wani lokaci ta rufe kanta ba sallama, shi ya sa ake yawan adana aiki. Wanda kwamfutarsa ta tsufa ƙwarai kuma yana iya farawa da LibreCAD, wadda zanen shimfiɗe kawai take yi, amma ta isa ga aikin faranti da ƙofa da taga da masu walda ke yi kullum.

Wani abu da ke ba mai koyo ƙwarin gwiwa shi ne kamar da ke tsakanin manhajar da injin tur. Kusan duk abin da ake sassaƙawa a tur zagayayye ne. A FreeCAD rabin siffar kawai ake zanawa, a sa wa kowane layi lambarsa har zanen ya koma kore, alamar babu abin da aka bari ba ma'auni, sannan a umarci manhajar ta juya shi a kan layin tsakiya. Nan take bushin ya bayyana da jikinsa. Idan gobe aka samu sanda mai 19.05 maimakon 20, lamba ɗaya za a canza, sauran su bi. Daga nan a fitar da shi a takarda mai fuskoki da lambobi. Umarni huɗu ko biyar sun isa wannan aiki, kuma mai naci zai iya kama su cikin ƴan makonni. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin wace lamba ce ke da muhimmanci, wannan kuwa a gareji ake koyonsa.

Nan ne matasa masu boko suka fi yin tuntuɓe. Yaro ya yi wata uku yana kallon bidiyo, ya zana wani abu mai sheƙi da ke juyawa a allo, ya kai wa dattijon da ya shekara talatin a kan tur. Dattijon ya duba ya ce wannan lungun babu wuƙar da za ta shiga, wannan kaurin babu ƙarfensa a kasuwa, wannan ramin kuma ta ina za a kama ƙarfen a huda shi? Yaro ya fita yana cewa tsoho bai waye ba. Alhali tsohon ne ke da gaskiya. Kwamfuta ba ta san cewa ƙarfen da ake samu a Diffa yawanci tsohuwar sandar mota ce ko guntun bututu ba, ba ta kuma san cewa injin tur ɗin ya girmi mai zanen ba. Zanen da ba a iya sassaƙawa da kayan da ke ƙasa hoto ne kawai. Don haka duk mai son wannan fanni ya nemi gareji ya riƙa zama, ya yi shara, ya miƙa sifana, ya ce Baba ko Maigida kamar kowane yaron shago, ya kuma koyi abin da ke tsare rai: ba a matsar tur da babbar riga ko rawani mai lilo, ba a sa safar hannu kusa da abin da ke juyawa, ba a barin makulli a bakin injin, ba a kuma share ɓarɓashin ƙarfe da yatsa.

Masu sukar wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko za su ce magabata sun yi shekaru suna gyara injuna babu kwamfuta. Haka ne, kuma basirarsu ce ta riƙe noman kwarin Komadugu a shekarun da hanya ta toshe. Amma ilimin nasu a kai yake. Ranar da maigida ya rasu ko ya yi hijira, kamar yadda rikici ya tilasta wa mutane da yawa a yankin, ma'aunan da ya haddace sun tafi tare da shi. Zane bai zo ya ture shi ba, ya zo ne ya rubuta abin da ya sani.

Na biyu za su ce ina amfanin zanen kwamfuta a inda injunan da kwamfuta ke sarrafawa da kanta, waɗanda ake kira CNC, ba su wadata ba? Amsar ita ce takardar da aka buga ta isa ga mai tur na hannu, kuma ita ce ma ya fi bukata. Ranar da aka bukaci yankan na'ura, fayil ɗin DXF ko STEP da manhajar ke fitarwa shi ne abin da masu irin waɗannan injuna a manyan birane ke karɓa.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi: kayan gyaran Sin suna da araha, wani lokaci sabon ya fi sassaƙawa sauƙi. Wannan gaskiya ce, kuma duk matashin da ya ɗauka zai yi gogayya da masana'antar Sin wajen ƙera fiston ko kaburata yana ɓata lokacinsa. Gurbin da ke akwai yana wajen abin da ba a sayarwa a shago: mahaɗin da zai haɗa injin wani kamfani da famfon wani, ƙafar da za a ɗora faifan sola a kanta yanzu da famfunan hasken rana ke ƙaruwa a fadamu, rariyar injin niƙan tattasai, kayan tsohon injin da aka daina shigowa da irinsa. Waɗannan ba su da lamba a kundin kowane kamfani. Sai wanda ke wurin ya auna ya zana.

Ana iya cewa kuma, a garin da mutane ke fama da abin sawa a baki, maganar yin aikin ƙarfe don sha'awa rainin hankali ne. Ba haka ba ne. Yaran da ke ƙera motar gwangwani da ta kara a unguwannin Diffa ba kwangila aka ba su ba, kuma daga cikinsu ake samun kanikawan gobe. Wanda ya fara da zana abin riƙe waya a jikin keke, ko sabon hannun murfin tukunyar mahaifiyarsa, yana da damar yin kuskure ba tare da gonar wani ta ƙone ba. Gara ya lalata guntun ƙarfe goma a wasa kafin manomi ya damƙa masa injin da iyalinsa suka dogara da shi. A birnin Lome na Togo, a 2013, Afate Gnikou ya haɗa na'urar buga abubuwa masu jiki daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci a wata cibiyar matasa da ake kira WoeLab, aikin da ya fara kamar wasa ya kuma zagaya duniya. Kuma tunda zane ba ya bukatar ƙarfin damtse, babu dalilin da zai sa a bar ƴan mata a baya, ko da iyaye ba su yarda su zauna a gareji ba.

Hukumomi ma suna da nasu rabon. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fanni: akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, akwai EMIG a Yamai, akwai tsofaffin cibiyoyin ƙera kayan noma irin su ACREMA a Tawa da UCOMA a Damagaram da CDARMA a Dosso. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, da asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa horo. Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ta fi karkata ga noma da muhalli, wato daidai fannin da injin ban-ruwa ke ciki. Abin da ake bukata ba sabon gini ba ne da za a yanke ƙyalle a ɗauki hoto. Ɗaki ɗaya ne mai sola, kwamfutoci ƴan kaɗan, ma'aunai, na'urar buga takarda, da malamin da zai yarda ya tura ɗalibai cikin gari su auno kayan da suka fi karyewa su zana su. Ghana ta gwada irin wannan tun 1980, lokacin da jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiyar horo a tsakiyar Suame Magazine, unguwar kanikawa da maƙera, maimakon ta jira su su zo harabarta. Ya kamata a kuma tuna cewa man Agadem daga jihar Diffa yake fitowa, wanda ake tacewa a matatar SORAZ tun 2011, ake kuma turawa gaɓar tekun Benin ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000. An daɗe ana ƙorafin cewa ƴan yankin ba sa samun ayyukan da suka wuce gadi da leburanci. Duk aikin bututu da famfo da takardar zane ake yin sa, kuma wanda bai iya karanta ta ba a bakin ƙofa zai tsaya.

Ƴan Diffa da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya, Chadi, Najeriya ko Turai kuwa, su ne suka fi kowa ikon taɓa wannan lamari ba tare da jiran kowa ba. Tsarabar da aka saba aiko wa ƙane ita ce sabuwar waya. Da kuɗinta ana iya samun tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir, da linzami mai maɓalli uku, domin zane da yatsa a kan allon taɓawa azaba ce, da ma'auni mai baki na ƙarfe, wanda ba ya bukatar batir, ba na roba ba. Waɗanda ke aiki a masana'antu ko wuraren gini a can suna ganin takardun zane kullum, don haka suna iya karɓar zanen ƙanensu ta WhatsApp su nuna masa inda ya manta lamba. Sharaɗi ɗaya ya kamata ya biyo bayan tsarabar: kafin wata uku, yaro ya turo hoton ƙarfe guda da ya auna da hannunsa, da takardar da ya zana, da sabon da mai tur ya sassaƙa daga takardar ba tare da ya ga tsohon ba, a ɗaure a jikin injin yana aiki.